Wa ke tuƙa motar, direba ko kwamfuta? Fashin baƙi kan dokar na'urorin taimakon direba a Formula 1

A cikin kundin dokokin wasa na Formula 1, wanda hukumar kula da tseren motoci ta duniya, FIA, ke sabuntawa kowace shekara, akwai wata gajeriyar jimla da ta ce wajibi ne direba ya tuƙa motarsa shi kaɗai ba tare da wani taimako ba. Lambar sashen da take ciki takan sauya idan an sake tsara kundin, amma ita jimlar tana nan daram. Duk wanda ya taɓa ganin sitiyarin motar Formula 1 da maɓallai da maƙunnai fiye da ashirin a jikinsa, ko ya san cewa motar na ɗauke da ɗaruruwan na'urorin awo da ke aika bayanai kai tsaye zuwa ga injiniyoyin da ke zaune a Brackley ta Ingila ko Maranello ta Italiya, dole ya tambayi abin da wannan kaɗaici yake nufi. Fiye da shekara talatin ke nan ana ja-in-ja a kan amsar, kuma tarihin wannan ja-in-ja ya nuna cewa wahalar ba ta tsaya ga rubuta haramci ba. Babbar wahalar ita ce a iya tabbatar da cewa ana bin sa.

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a san aikin da waɗannan na'urori suke ɗauke wa direba. Motar Formula 1 ta shekarun baya-bayan nan tana da ƙarfin doki kusan 1,000, nauyinta da direba a ciki bai wuce kilo 800 ba kafin a zuba mai, kuma duk wannan ƙarfi yana sauka ƙasa ne ta tayoyin baya guda biyu kacal. Idan direba ya fito daga kwana ya danne totur fiye da yadda tayar za ta iya kama kwalta, sai tayar ta shiga murzawa a banza, bayan motar ya kwashe, a yi asarar lokaci ko motar ta juya gaba ɗaya. Idan kuma ya ji tsoro ya taka a hankali, abokin hamayya ya wuce shi. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan siririn wuri, kuma gwanintar direba ita ce ya riƙa samun wurin nan da tafin ƙafarsa a kowace kwana, a zagaye hamsin ko sittin, alhali taya na cinyewa, mai na raguwa, yanayin hanya na sauyawa. Na'urar hana murzawar taya tana kwatanta gudun tayoyin gaba da na baya, da zarar ta ga na baya sun fi sauri sai ta yanke wuta ko mai ga wasu silindojin injin, ta rage ƙarfin cikin ƙiftawar ido. Direba na iya taka totur har ƙasa ya bar mata sauran aikin. Birkin ABS, wanda yawancin motocin kan titi suke da shi a yau, yana yin makamancin haka a wajen tsayawa, ya hana taya kullewa. Na'urar tashi kuwa ita ke sarrafa kuloci da totur a daidai lokacin da fitilun fara tsere suka mutu, ta yadda direba ba ya buƙatar komai sai sakin maɓalli.

Ɗaya daga cikin ƙofofin farko da kwamfuta ta shiga motar tsere ita ce ƙafa, wato sashen da ke haɗa tayoyi da jikin mota yana shanye gargada. Kamfanin Lotus ya soma gwada ƙafar mota mai aiki da man haidirolik da kwamfuta tun farkon shekarun 1980, kuma a 1987 Ayrton Senna ya ci tseren Monako da na Detroit da irin wannan mota. Amfaninta shi ne tana riƙe tsayin motar daga ƙasa daidai wa daida ko ana birki ko ana kwana, abin da ke sa iskar da ke bi ta ƙarƙashin motar ta danne ta ƙasa yadda ake so. A 1989 Ferrari ta fito da giyar da ake canjawa da 'yan yatsu a bayan sitiyari ba tare da taka kuloci ba, ƙirar John Barnard, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Brazil. Amma ƙungiyar Williams ce ta haɗa waɗannan abubuwa wuri guda ta fitar da motar da ta rikita kowa. Da motar FW14B ta 1992, mai ƙafar kwamfuta da na'urar hana murzawa, Mansell ya ci tsere 9 cikin 16, ya kuma kammala lashe kambun duniya tun watan Agusta a Hungary. A gwajin neman gurbin farko a Silverstone a shekarar, ya bai wa abokin aikinsa Riccardo Patrese tazarar kusan daƙiƙa 2, ya bai wa Senna fiye da daƙiƙa 2 da rabi, a wasan da ake rigima a kan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A 1993 motar FW15C ta ƙara da birkin ABS, Alain Prost ya ɗauki kambunsa na huɗu da ita. Benetton na gwada sitiyarin da ke juya tayoyi huɗu, Williams kuma ta riga ta gwada giyar da ba ta da matakai kwata-kwata.

Max Mosley, wanda ya karɓi ragamar hukumar a farkon shekarun 1990, ya ga abubuwa uku da suka dame shi. Kuɗin haɓaka waɗannan na'urori ya fi ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi, gudun motoci a kwana na ƙaruwa fiye da yadda filayen tsere za su iya ɗauka, sannan mai kallo ya fara rasa sanin ko direban ne ya ci ko injiniyoyin lantarki. A tseren Kanada na 1993 jami'in fasaha na hukumar, Charlie Whiting, ya rubuta rahoto cewa kusan dukkan motocin da ke filin sun saɓa wa doka saboda ƙafar kwamfuta ko na'urar hana murzawa. Barazanar ta yi aiki. A taron da ƙungiyoyi suka yi a Hockenheim ta Jamus a watan Yuli, an amince a bar na'urorin su ƙarasa shekarar, a haramta su daga 1994.

Akwai wani abu da masu goyon bayan haramcin, har da ni, ya kamata su riƙa tunawa don kada su wuce gona da iri. Zagayen farko na tseren Donington ta Ingila a watan Afrilun 1993, inda Senna ya faɗo matsayi na biyar a kan jiƙaƙƙiyar hanya sannan ya wuce Schumacher da Wendlinger da Hill da Prost kafin zagayen ya ƙare, mutane da yawa na ɗaukarsa a matsayin zagaye mafi kyau da aka taɓa tuƙawa. Motar McLaren da ya yi wannan aiki da ita tana da ƙafar kwamfuta da na'urar hana murzawa, haka ma motocin Williams biyu da ya wuce. Na'ura ba ta mayar da kowa gwani ba, ba ta kuma shafe bambanci tsakanin gwani da gwanin gwanaye ba. Abin da take yi shi ne rage hukuncin kuskure, kuma wannan ya isa ya sauya yanayin wasan.

Shekarar 1994 ta zo da baƙin ciki. Motocin da aka saba ƙerawa bisa dogaro da ƙafar kwamfuta sun koma kan sifirin da shokozoba na gargajiya cikin 'yan watanni, kuma motar Williams da Senna ya koma cikinta ta kasance mai wuyar sarrafawa a farkon shekarar. A Imola ta Italiya, Roland Ratzenberger ya rasu ranar 30 ga Afrilu bayan fiffiken gaban motarsa ya karye, Senna kuma ya rasu washegari, 1 ga Mayu. Wasu kan danganta waɗannan mace-mace da cire na'urorin kai tsaye, amma hujjojin da aka bincika ba su tsaya a nan ba: hatsarin Ratzenberger na fiffike ne, shari'ar da aka yi shekaru ana yi a Italiya a kan hatsarin Senna kuwa ta fi karkata ga sandar sitiyari. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne an cire na'urorin ba tare da an rage ƙarfin inji ko gudun mota a lokaci guda ba, sai bayan Imola aka yi gaggawar yin hakan.

A cikin wannan yanayi ne babbar matsalar dokar ta bayyana. Tun a tseren Aida na Japan, makonni biyu kafin rasuwarsa, Senna, wanda aka buge ya fita a kwanar farko, ya tsaya a gefen hanya yana sauraron ƙarar injin motar Benetton ta Michael Schumacher, ya koma da zargin cewa akwai abin da ke yanke wutar injin a fitowa daga kwana. Bayan tseren Imola hukumar ta buƙaci ƙungiyoyi ukun da suka zo kan gaba, Benetton da Ferrari da McLaren, su miƙa asalin rubutun manhajar da ke cikin kwamfutocin motocinsu, ta kuma ɗauko wani kamfanin binciken manhaja na birnin Liverpool, LDRA, ya duba. Benetton da McLaren sun yi jinkirin miƙawa, aka ci kowaccensu tarar dala 100,000. Da aka buɗe manhajar Benetton sai aka tarar da na'urar tashi a ɓoye: jerin zaɓin da ke bayyana a allon kwamfuta ya tsaya a na 10, amma idan aka ci gaba da gangarawa inda babu rubutu har zuwa na 13, ana iya kunna ta. Ƙungiyar ta ce don gwaji kawai aka ajiye ta, kuma ba a taɓa amfani da ita a tsere ba. Masu zargi sun nuna yadda Schumacher ya tashi daga matsayi na uku a tseren Faransa ya wuce motocin Williams biyu kafin kwanar farko. Hukumar ba ta da hujjar cewa an kunna na'urar a ranar tsere, dokar lokacin kuma ta hana amfani ne, ba ta hana ajiye manhajar a cikin mota ba, don haka ba a hukunta Benetton a kan wannan ba. Har yau ana gardama a kan kambun Schumacher na 1994, kuma dalilin gardamar shi ne hukumar da ta kafa dokar ba ta iya wanke shi ba, ba ta kuma iya kama shi ba.

Me ya sa abin ya gagara? Ƙafar kwamfuta abu ne na ƙarfe da bututu da famfo, mai bincike zai ɗaga murfi ya gan ta da idonsa, shi ya sa haramcinta ya zauna tun 1994 har yau ba tare da rigima ba. Hana murzawar taya kuwa ba ya buƙatar wani sabon ƙarfe. Injin zamani dole ne kwamfuta ta sarrafa masa mai da wuta, kuma wannan kwamfutar ta riga ta san giyar da ake ciki da yawan juyawar inji a kowane lokaci. Idan juyawar injin ta ɗaga da saurin da motar ba za ta iya ƙara gudu da shi ba a wannan giyar, to babu shakka taya ce ke murzawa, kuma 'yan layukan manhaja sun isa su jinkirta wuta su rage ƙarfi ba tare da an taɓa auna gudun taya ba. Injiniya na iya kiran wannan kariyar inji, ko gyaran santsin aiki, kuma wani lokacin gaskiya yake faɗa. Kowace ƙungiya tana da nata akwatin da nata rubutun, a cikin harshen kwamfutar da ta zaɓa, injiniyoyinta sun ninka masu binciken hukumar yawa, kuma su suka rubuta abin da ake nema a cikinsa. A ƙarshen shekarun 1990 zargi ya game filin, kowa na zargin kowa, har Mosley da kansa ya fito ya ce hukumar na da yaƙinin cewa wata ƙungiya ta keta dokar a 1999, ba tare da ya ambaci sunanta ba.

Daga tseren Sifaniya na watan Afrilun 2001 hukumar ta sallama. Ta halatta na'urar hana murzawa da na'urar tashi da giyar da ke canja kanta, bisa hujjar cewa gara kowa ya yi a fili da a bar mai gaskiya ya cutu. A 2002 ma an kai inda injiniya zai iya gyara saitin inji daga rumfar ƙungiya yayin da motar ke gudu a kan hanya. Daga nan aka fara ja da baya sannu a hankali: an hana aika umarni daga rumfa zuwa mota a 2003, an hana na'urar tashi da giya mai canja kanta a 2004, amma hana murzawa ta ci gaba da zama halal har ƙarshen 2007, domin ita ce ba a san yadda za a tsare ba. Masu kallon wancan zamani suna tuna ƙarar tatatar da motoci ke yi a fitowa daga ƙananan kwanoni, wato ƙarar silindojin da kwamfuta ke kashewa da kunnawa.

Maganin da ya yi aiki ya zo a 2008, kuma ba sabon haramci ba ne. Hukumar ta tilasta wa dukkan ƙungiyoyi amfani da ƙwaƙwalwar mota iri ɗaya, akwati guda mai manhaja guda, wanda ke sarrafa inji da giya da kuloci da rarraba ƙarfi tsakanin tayoyin baya. Ƙungiyoyi na iya cika alkaluman saitinsu a ciki, amma ba su da ikon sauya yadda manhajar ke tunani, hukumar kuma na iya karanta duk abin da akwatin ya yi a kowane zagaye. Reshen lantarki na kamfanin McLaren tare da haɗin gwiwar Microsoft ne suka ci kwangilar samar da shi, abin da ya tayar da ƙura a lokacin, domin McLaren na cikin masu fafatawa, kuma abokan hamayya irin su Ferrari da Renault sun ga cewa za ta riga su sanin akwatin. Ƙorafin na da tushe, amma tsarin ya zauna, har wasu gasanni irin su NASCAR da IndyCar na Amurka suka koma amfani da akwatin kamfanin guda. Da wannan ne dokar fasaha ta samu haƙora. Ta ce ba a yarda mota ta ɗauki wani tsari da zai iya hana tayoyin da ke jan mota murzawa ba, ko ya gyara wa direba idan ya nemi ƙarfi fiye da kima, ta kuma hana ko da na'urar da za ta sanar da direba cewa taya ta fara murzawa. Wannan ƙari na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa jin abin da taya ke yi ta kujera da sitiyari na cikin aikin da ake biyan direba ya yi.

Wasu direbobi, ciki har da David Coulthard, sun nuna damuwa kafin kakar ta fara cewa tsere cikin ruwan sama zai yi haɗari ba tare da na'urar ba. Sakamakon ya fito da wuri. A tseren farko a Melbourne ta Ostireliya motoci 7 kaɗai cikin 22 suka kai ƙarshe. A Silverstone cikin ruwa, Felipe Massa, wanda ya kusa lashe kambun shekarar, ya juya da motarsa sau biyar, Lewis Hamilton kuma ya ci tseren da tazarar fiye da minti ɗaya. A ganina wannan rana ita ce hujja mafi ƙarfi da dokar ta taɓa samu, domin ta dawo da bambancin da mai kallo zai iya gani da idonsa tsakanin direba da direba a kan hanya ɗaya.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa an kori lantarki daga motar. Direba ba ya taka kuloci don canja giya, yana jan ɗan marfi ne kwamfuta ta kammala aikin cikin ƙasa da ƙiftawar ido, sharaɗin kawai shi ne kowane canji ya fito daga umarninsa. Akwai maɓallin da ke tsayar da gudu a layin canja taya. Akwai tsarin da ke kama kuloci don kada inji ya mutu idan mota ta juya, saboda motar da ta mutu a tsakiyar hanya haɗari ce ga kowa. Tun 2014, da aka koma injin haɗaka mai lita 1.6 da batir, birkin baya na aiki ne ta kwamfuta, domin injin lantarkin da ke tara wuta a lokacin birki shi ma yana jan tayoyin baya, kuma ba ɗan Adam da zai iya daidaita waɗannan ƙarfi biyu da ƙafa ɗaya. Idan aka dubi abin da aka bari da abin da aka hana, ma'aunin a fili yake: an yarda na'ura ta aiwatar da umarnin direba, ta kare inji, ta kare rai, amma ba a yarda ta lura da kuskurensa ta gyara masa ba. Kamar linzami ne da sirdi, ana iya kyautata su iya kyautatawa, amma mahayi ne zai ji lokacin da doki ke shirin tuntuɓe.

Rigingimun da suka biyo baya duk a bakin wannan iyaka suka faru. A Hockenheim a 2012 jami'in fasaha Jo Bauer ya gano cewa an saita injin Renault na motocin Red Bull ta yadda ƙarfinsa a matsakaicin juyawa ya ragu sosai idan aka kwatanta da tserukan baya, abin da ke sa taya ta yi wuyar murzawa ko da direba ya danne totur. Alƙalan tsere sun ce ba su gamsu da dukkan bayanan ƙungiyar ba, amma rubutun dokar bai kama ta ba. Kafin tsere na gaba a Hungary hukumar ta toshe ƙofar, ta ce kowace ƙungiya ta zaɓi saiti ɗaya daga tserukan farko huɗu na shekarar, kada ta kauce masa da fiye da kashi 2 cikin ɗari. Abin lura shi ne an gano wannan cikin kwana ɗaya daga bayanan akwatin bai ɗaya, alhali a 1994 an shafe watanni ba a kai ga matsaya ba.

Shari'ar Renault ta 2019 ta fi wannan zurfi. Bayan tseren Japan, ƙungiyar Racing Point ta kai ƙara cewa motocin Renault na sauya rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya da kansu, aikin da sauran direbobi ke yi da hannu daga kwana zuwa kwana. Alƙalan sun yanke cewa tsarin bai saɓa wa ko ɗaya daga cikin dokokin fasaha ba, har suka amince dabara ce sabuwa, amma sun ce tun da yana ɗauke wa direba wasu gyare-gyaren da ya kamata ya yi a cikin zagaye, to taimakon direba ne. An soke sakamakon Daniel Ricciardo da ya zo na 6 da Nico Hülkenberg da ya zo na 10, ƙungiyar ta rasa maki 9. A shekara mai zuwa Mercedes ta fito da tsarin da direba ke jan sitiyari zuwa ƙirjinsa ko ya tura shi gaba don sauya karkatar tayoyin gaba, aka kai ƙara, alƙalai suka ce halal ne, domin ɓangare ne na sitiyarin da hannun direba ke sarrafawa, ko da yake an hana shi daga 2021. Hukunce-hukuncen biyu sun tafi a kan layi ɗaya: dabarar da ta ƙara wa direba aiki ta tsira, wadda ta rage masa aiki ta faɗi.

Inda hukumar ta yi tuntuɓe shi ne lokacin da ta miƙa wannan jimla zuwa rediyo. Daga tseren Singafo na 2014 aka hana injiniya koya wa direba tuƙi ta rediyo, wato gaya masa inda zai taka birki ko giyar da zai shiga kwana da ita, kuma wannan daidai ne. Daga tseren Beljiyam na 2015 aka hana gyara wa direba saitin kuloci kafin tashi, wannan ma ya sa tashi ya koma hannunsa. Amma a 2016 aka tsaurara har ta kai injiniya ba ya iya gaya wa direba yadda zai gyara matsalar mota. A Baku Hamilton ya shafe zagaye da dama yana lalube a maɓallan sitiyari a kan titin da ake wuce kilomita 300 a awa, saboda injinsa na kan saitin da ba daidai ba. A Silverstone an ƙara wa Nico Rosberg daƙiƙa 10 saboda an gaya masa yadda zai bi da giyarsa ta bakwai da ta lalace, ya faɗo daga na biyu zuwa na uku. A Hungary an hukunta Jenson Button a kan maganar da ta shafi birkinsa. Kafin tseren Jamus aka janye yawancin dokar, aka bar ta a zagayen share fage kawai, wato zagayen da motoci ke yi kafin su jeru don tashi, inda ta kama direbobin ƙungiyar Haas biyu a Hungary a 2020. Ƙungiyoyi da hukumar ne suka amince da mota mai sarƙaƙiyar da mutum ɗaya ba zai iya riƙe ta a kai ba, don haka hukunta direba saboda ya nemi bayani a kanta bai auna gwanintar tuƙinsa ba ko kaɗan.

Sauran manyan gasanni sun ja layinsu a wani wuri daban, kuma kowacce da dalilinta. Tseren babura na MotoGP ya ci gaba da halatta na'urar hana murzawa, domin idan tayar baya ta zame sannan ta kama kwatsam, babur na cilla mahayinsa sama, amma shi ma ya koma akwati da manhaja iri ɗaya na kamfanin Magneti Marelli daga 2016. Motocin rukunin GT3, wato motocin kasuwa da aka gyara don tsere, suna da ABS da hana murzawa, saboda ana haɗa ƙwararru da masu tuƙi don sha'awa a mota ɗaya. Formula 1 ce ke iƙirarin tara direbobin da suka fi kowa, shi ya sa nauyin wannan doka ya fi yawa a kanta.

Wurin da nake ganin iyakar ta fi sirancewa yanzu shi ne sarrafa wutar batir. Dokokin 2026 sun ɗaga ƙarfin injin lantarki daga kilowat 120 zuwa 350, kusan rabin ƙarfin motar gaba ɗaya, sun cire na'urar da ke tara wuta daga hayaƙin turbo, sun kuma sa fikafikan gaba da baya su riƙa buɗewa a miƙaƙƙun wurare da umarnin direba. Batir ba ya iya bayar da wannan ƙarfi a duk tsawon zagaye, saboda haka manhaja ce ke tsara inda za a saki wuta da inda za a tara ta, bisa sanin wurin da motar take a kan hanya, dokar kanta ma ta tsara yadda ƙarfin zai fara raguwa daga kilomita 290 a awa. Wannan ba hana murzawa ba ne a rubuce, domin manhajar ba ta amsa wa abin da taya ke yi. Sai dai idan rabin ƙarfin da ke isa taya a fitowa daga kwana ya dogara da abin da injiniya ya tsara tun kafin tsere, to alaƙar da ke tsakanin ƙafar direba da tayar baya, wadda ita dokar 2008 ta zo karewa, ta fara samun mai shiga tsakani. Injin lantarki kuma yana amsa umarni da sauri fiye da injin mai, ya fi sauƙin lallaɓawa a hankali ba tare da ƙarar da Senna ya tsaya yana saurare a Aida ba. Hukumar na da abin da ba ta da shi a 1994, wato akwatinta a cikin kowace mota da na'urorin auna ƙarfin da ke fita zuwa taya. Abin da nake so in ga ta yi da su shi ne ta riƙa kwatanta abin da ƙafar direba ta nema da abin da ya isa tayoyin baya a kowace kwana, ta kuma ɗauki duk wani giɓin da ke bayyana a daidai wuraren da taya ta saba murzawa a matsayin taimakon direba, kamar yadda alƙalan Japan suka ɗauki birkin Renault a 2019, ko da rubutun dokar fasaha bai ambace shi ba.